Ɗaurin Jirgin Mai Lofe

Jika uku na bar Gure da su, kuma ba gumina ba ne, kuɗin ragon Inna ne. Rago ne da ta yi wata bakwai tana ɗura masa dusa da harawa don layya, amma ranar da na ce mata zan tafi ci-rani, da hannunta ta ja shi kasuwa. Da ta dawo ta ce in tuɓe wandona in miƙo mata. Ta ɗinke kuɗin a ƙugu, dab da zariya, ta ce ko wanka zan yi kada in rataye shi inda idona ba ya kai. Ku da kuke ta zancen Libiya, wa zai ɗinke muku? A waya kuke zuba kuɗi yanzu, ranar da ta faɗa rijiya ku zauna kuna salati. Ku ja tabarmar nan, rana ta biyo mu. Kai kuma jikan Bukar, zauna, da kakanka a cikin maganar, gara ka ji ta daga bakina.

Kwana biyar muka yi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, a kan buhunan kanwa, kafin mu ga Yamai. Abin da ya fara ba ni haushi a garin nan ruwa ne. Kogi guda, faɗinsa ya fi daga nan zuwa tasha, yana ta wucewa ba mai ce masa tsaya. Mu a nan sai mun ja guga gaba ashirin kafin akuya ta jiƙa baki, su kuwa mata na wanke tukunya da ƙafa a cikin ruwa suna hira. Na tsaya a bakin gaɓa na ce, Allah, ba na ja da rabonka, amma wannan rabo da gyara.

Ɗaki na kama a gidan wata Bazabarma mai jiki, Hausarta duk a karye. Ba mu taɓa yin faɗa a kan komai ba sai wanka.

“Kai Babarbare, da buta ɗaya kake wanka?”

“Ta ishe ni, Hajiya.”

“Ta ishe ka, mu ba ta ishe mu ba! Ga famfo nan, wa ya hana ka?”

“Ɓarna ce.”

“To tafi ka yi tsimin ruwanka a bakin ƙofa, kana kore mini masu haya.”

Wata huɗu na yi ina dako a kasuwa kafin in sami gadi a gidan wani Bature a unguwar Filato. Injiniyan rijiyoyi ne, dogo, kullum da lofe a bakinsa ko da ba wuta a ciki, shi ya sa muka sa masa Mai Lofe. A gabansa kuwa sai dai Mushe. Ranar farko da aka ce in kira shi haka na ɗauka so ake a kore ni, ashe girmamawa ce a wurinsu. Yana da Madam, da 'ya'ya biyu, da kare wanda ya fi ni cin nama. Aikina buɗe ƙofa, rufe ƙofa, da ba furanni ruwa, furannin da ko tunkiya ba za ta ci ba. Faransancina bai wuce uku ba: “wi Mushe”, “dakor”, da “tusuwit”, wato maza-maza. Da su na yi shekara biyu lafiya lau, ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya.

Sai ga Bukar. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, tun muna yara ba ya ganina bai ce “bawana” ba. Shi aka kai lakwal, wato makarantar boko, ya yi shekara shida yana zaune a inuwa yana zana alli, lokacin da ni nake bin raƙuma. Ko akuya Bukar ya ɗaure, kafin ka juya ta kwance kanta. Ya iso Yamai da riga ɗaya da takalmin roba. Ni na ba shi rabin tabarmata, ni na ciyar da shi wata biyu, kuma da boyin gidanmu ya gudu, ni ɗin nan na kama hannunsa na kai shi gaban Madam.

Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na kai shi gidan maƙwabta. Madam ta yi masa tambaya ɗaya, ya amsa da goma. Ta yi dariya. Shekara biyu ina gidan ban taɓa ganin haƙoranta ba. Kafin wata uku Bukar ya zama kuku, an ɗinka masa fararen kaya, Mai Lofe ya ba shi tsohon agogonsa. Yana shiga har ɗakin kwana, ni iyakata baranda. Da yamma zai fito da ragowar abinci a faranti ya ce, “Bawana, ga formaji.” Wani cuku ne mai warin safa, ina karɓa ina ci, ina jin haushin kaina. Ba zan ɓoye muku ba, hassada na yi masa. Bai yi mini komai ba. Da ya yi mini wani abu da na ji sauƙi.

Ana haka aka kawo wa Mai Lofe wani dogon akwati daga Kwatano. Aka fasa, sai ga jirgin ruwa, ja wur, siriri, tsawonsa taku biyar, da rami ɗaya a tsakiya inda mutum zai zura ƙafafu. Ba katako ba ne, ba ƙarfe ba, wani abu ne mai sheƙi, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa kamar ƙwarya. Mutum ɗaya ya ɗaga shi. Wai sunansa kayak. Na ce to, ai kaya ne, tunda ni zan ɗauka. Haka kuwa aka yi. Duk Lahadi ni ke aza shi a kai har bakin kogi, Mai Lofe na gaba da sandar kamun kifi, Bukar na baya da kwandon abinci da lema. Bature ya wuni a tsakiyar ruwa ya dawo da kifi biyu kamar yatsa, Sarkawa na kallo daga jiragensu suna riƙe ciki don dariya.

A bazarar da ta zo kafin babban fari, Mai Lofe ya ce ya gaji da kifin Yamai, tafkin Chadi za shi, da Madam da yara da jirgin. Bukar ne ya fassara mini, yana lissafa hanya da yatsa: Doso, Ƙwanni, Maraɗi, Damagaram, Gure.

Na ce, “Wace Gure?”

“Gure nawa ka sani? Ta tsakiyar kasuwa za a bi. Kuma ya ce akwai wurin mutum ɗaya a mota, ni ko kai, tunda dukanmu muna jin Barbarci.”

Ku ba za ku gane ba, yanzu ko mai sayar da ƙanƙara yana da babur. A lokacin, motar da ke shiga Gure a mako ba ta fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Shekara huɗu rabona da gida. Na ga kaina a cikin Landiroba, gwiwar hannu a taga, an tsaya a bakin kasuwa, yara na gudu suna “Ari ne, Ari ne!”, Inna ta fito ta ga inda ragonta ya kai ni. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so kujerar nan ba.

Sai dai da sauran magana: ta yaya jirgi zai hau mota? Rufin Landiroba a sulɓe yake, ba abin kamawa. Ranar Asabar Mai Lofe ya kwashe mu mu biyu muka shiga gari neman abin da suke kira galeri. Da na ji sunan na zaci wani magani ne, ashe ƙarafan ɗora kaya ne a saman mota.

Muka fara da wani babban kanti na Turawa. Aka fito da iri biyu. Ɗaya sanduna biyu ne kawai masu ƙyalli, a gicciye, da ƙafafu masu kama bakin rufi. Ɗayan kamar gadon ƙarfe, da shinge kewaye. Bukar ya rungumi mai shingen, don ya fi tsada kuma ya fi ƙyalli, yana ta zuba Faransanci. Mai Lofe ya ciro ma'auni ya gwada, ya girgiza kai. Jirgin ya fi gadon tsawo nesa, a kan shingen zai zauna, ƙarfe biyu sirara su riƙa cin cikinsa. Na ji daɗi har cikin raina.

Daga nan muka je wurin wani mai walda a bayan kasuwa. Shi kuma ya ce a ba shi kwana uku ya ƙera mana irin na motocin daji, wanda ake ɗora buhu ashirin da awaki. Ya nuna mana wani da ya gama, mu uku muka kasa ɗaga shi. Mai Lofe ya ce in aka aza wannan a sama, motar za ta kife a tudun rairayi na farko. Muka dawo gida hannu wofi, ya zauna a baranda yana tsotsar lofe, yana kallon jirginsa kamar mai jinya.

Ni kuwa tun a kanti na ga amsar. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shekara talatin ya yi yana ɗaure kaya a ayarin Bilma, kuma tun ban kai ƙugunsa ba nake miƙa masa igiya. Abin da ya fara koya mini shi ne ƙashi ba ya zama a kan ƙashi. Kafin kantun gishiri ya hau raƙumi sai an sa akumari, an cusa laushi dama da hagu, nauyi ya bazu. Jirgin nan cikinsa a gantsare yake, a kan miƙaƙƙen ƙarfe wuri ɗaya tak zai taɓa, can kuma zai fashe. Akumari yake so.

Amma da wane baki zan faɗa? “Wi Mushe” ba ta ɗaukar wannan bayani. Dole na kira Bukar. Na tsuguna na zana a ƙasa: a sayi sandunan nan biyu marasa shinge, a kafa gwafar itace a kan kowace, mai buɗaɗɗen baki daidai cikin jirgin, a yi mata matashi da audugar rimi, a rufe da jemammiyar fata. Bukar ya juya ya fara fassara. Na kasa kunne, ba don in gane ba, sunana kawai nake jira. Ya yi magana ta kai tsawon sallar azahar, ban ji “Ari” ko sau ɗaya ba. Mai Lofe ya cire lofe daga baki, ya duba zanen, ya daki kafaɗar Bukar ya ce, “Barabo, Bukar!” Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Da muka keɓe na tare shi.

“Me ka gaya masa?”

“Abin da ka faɗa mana.”

“Ban ji sunana ba.”

“Na ce masa mon kuzan, wato ɗan'uwana. Haka ake yi a Faransanci, bawana.”

“To me ya sa kafaɗarka aka daka?”

“Ita ce kusa da shi.”

Ya yi dariya ya shige kicin. Wataƙila gaskiya ya faɗa, har yau ban sani ba.

Kwana shida na yi a kan aikin nan. Na je bakin kogi na zaɓo gwafa biyu na ƙirya, na sassaƙe, na goge da yashi. Audugar rimi da hannuna na tsince ta, fatar kuma sai da na zagaye rumfunan dukawa kaf kafin in sami mai laushin da nake so. Ranar da muka gwada, jirgin ya kwanta a ciki kamar jariri a goyo. Mai Lofe ya ɗaure shi da wasu igiyoyin roba masu ƙugiya, ya zagaya gari, ya faɗa ramuka da gangan, jirgi ko gezau. Ya dawo yana murna, ya ba ni kwalin taba, ni da ba na sha. Sannan ya ce Bukar ne zai bi su, don dole a dafa wa yara abinci a hanya, ni kuma dole a bar mai tsaron gida da kare.

Da hankali ka duba, maganarsa daidai ce. Wa zai tafi da mai gadi ya bar kuku yana gadi? Amma ni a ranar ba hankali a jikina. Ga Bukar ya zo yana goge agogo da gefen riga, wai, “Me zan kai wa Gwaggo? Ka ba ni saƙo, zan ce mata kana nan lafiya, ka yi ƙiba.” Uwata, shi zai je ya ba ta labarina daga tagar mota, a ƙarƙashin akumarin da na yi da hannuna. Na ce masa ba ni da saƙo.

Ana jibi tafiya Mai Lofe ya fara shakkar igiyoyin robarsa, wai rana za ta cinye su kafin Damagaram. Nan Bukar ya sake buɗe baki, kuma wannan karon na ji sunana har sau uku. Ari kaza, Ari kaza. Ya juyo yana murmushi ya ce, “Na gaya masa duk ƙasar Manga ba wanda ya kai gidanku iya ɗauri. Ka samo kiri ka ɗaure masa irin na ayari.” Da ya yi shiru a ranar da ya fi mana alheri, mu duka.

Kun san kiri, igiyar ɗanyar fata, ko da yake yanzu leda ta kashe ta. Abin da ba ku sani ba, kiri iri biyu ake ɗauri da shi. Busasshe, an shafe shi da mai, shi ne na kaya, yana riƙewa yana kuma ba da numfashi. Jiƙaƙƙe kuwa na abin da ba a so ya sake motsi ne har abada, kamar ƙotar gatari ko itacen sirdi, don in rana ta bugi jiƙaƙƙen kiri tsukewa yake yi, yana ƙara tsukewa, har ya zama ƙarfe. Duk wanda ya taɓa bin raƙumi ya san ba a kusantar tukunya ko ƙwarya da shi. Ɗan shekara bakwai a gidanmu ya san wannan. Bature bai sani ba, ɗan lakwal ma bai sani ba.

Ranar tafiya, ina idar da sallar asuba na tsoma kirin a bokitin ban ruwan furanni. Ba zan ce muku Shaiɗan ne ba, Shaiɗan bai san kiri ba, ni ne. Lissafina shi ne kafin su kai Doso rana ta yi aikinta, jirgi ya tsage, su juyo gida, tafiya ta mutu. In ban shiga Gure a mota ba, kada kowa ya shiga.

Na hau saman mota na ɗaure gaba da baya, na ja har sai da jirgin ya yi ƙara. Bukar na ƙasa yana miƙo mini bakin igiya.

“Ya na ji ta a jiƙe?”

“Don ta kama.”

“Kai ka san aikinka, bawana.”

Wurin ƙullewa ban yi tunanin komai ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Mahaifina bahago ne, ƙullinsa ta hagu yake juyawa, sau biyu, a cusa wutsiyar a ƙarƙashi. Haka ya koya mini, kuma duk Gure daga shi sai ni muke yin sa. Na sauko. Ruwa na ɗiga a gilashin gaba, Mai Lofe ya sa abin shara ya share yana dariya. Bukar ya rungume ni, ya shiga baya tare da yara, ya fito da hannu mai agogo yana ɗaga mini. Na rufe ƙofa.

Ranar nan duk motar da ta wuce sai in miƙe. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ba su dawo ba. Washegari ma shiru. Ashe abin nan ya fi ƙwarya taurin rai. Na zauna ni da kare kwana goma sha biyu, shi yana cin namansa, ni abinci ya ƙi shiga.

Da suka dawo jirgin na sama, an naɗe shi da bargo, an ɗaure da igiyoyin roba. Na leƙa bayan mota, yara biyu ne da kwanduna. Madam ta wuce ni fuska a murtuke. Mai Lofe ya kira kukun maƙwabta ya fassara mini: jirgi ya tsage a ciki, tsawon hannu, wuri biyu, daidai inda igiya ta bi. A Gure aka gani. Ya tambayi Bukar, Bukar ya ce ɗaurin Ari lafiyarsa lau, shi ne ya kwance a Doso ya sake ɗaurewa da ƙarfi don yana tsoron iska. Nan take Mai Lofe ya sallame shi, a gaban mutane. Yana gama bayani ya miƙo mini hannu muka gaisa, wai ya san ba laifina ba ne. Shekara huɗu ina gidansa, ranar ce ya fara taɓa hannuna. Na ce, “Wi Mushe.”

Kada ku zaci na gaji fararen kayan. Wani mutumin Dahome aka ɗauko, wanda ko ragowar formaji ba ya ba ni.

Sauran labarin a kasuwar dabbobi na ji shi, bayan wata biyu, a bakin Kalla, wani mai fataucin raƙuma na unguwarmu. Yana ganina ya ce, “A'a, Ari! Mun ga saƙonka.”

“Wane saƙo? Ban aika komai ba.”

“Ka aika mana.”

Ya ja ni inuwa ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ranar kasuwa motar ta shiga Gure. Ba wanda ya tsaya a rumfarsa, har mahauta suka bar nama. Tsofaffi na gardama, wasu na cewa makarar Turawa ce, wasu na cewa komin shayar da raƙuma ne. Aka ruga aka gaya wa Inna ga motar Baturen su Ari. Ta fito da ƙwaryar fura da dabino a gefen zane, tana kutsawa cikin mutane, sai ta ga Bukar cikin fararen kaya. Ta leƙa motar ta sake leƙawa. Ana cikin haka Bature ya hau sama duba kayansa, ya ƙwala ihu. Kirin ya nutse a jikin jirgin, ya ƙi kwantuwa, sai da aka sa wuƙa. Guntayen suka faɗo a rairayi.

“Ka san su wa ke tsaye a wurin?” in ji Kalla. “Duk tsofaffin ayari, abokan babanka. Aka ɗauki ƙullin ana miƙa wa juna. Bukar na can yana ta yi wa Bature yare yana nuna ƙirjinsa, mu dai mun ga juyin hagu, mun kuma ga fatar da aka ɗaura a jiƙe. Da ya zo hannun tsohuwarka ta juya shi sau ɗaya, ta ajiye a ƙasa, ta miƙa wa Bukar furar ta koma gida.”

Na so Gure ta gan ni, ta kuwa gan ni, ba tare da na taka ƙafa ba.

Shekara uku na ƙara a Yamai, ba don daɗinta ba. Fari ya zo, dabbobi suka ƙare, ina aika abin da na samu, amma ni kaina na kasa zuwa. Duk wanda ya zo daga gida kuma labarin Bukar yake kawo mini, kamar an aike shi. Bukar ya karɓi lambun kawu a kwari, rogo da rake sun yi. Bukar ke rubuta wa mutane takarda zuwa ofis. Bukar ke kai wa Inna hatsi. Har suna aka sa masa, Bukar Mai Jirgi, yaran da aka haifa bayan abin ma haka suke kiransa. An kore shi a gaban kasuwa, ya fi ni daraja. Na riƙe aikina, ina buɗe wa kare ƙofa. Ko a wurin a zalunce shi sai da ya fi ni riba, wannan ma na yi masa hassadarsa.

Sai da Mai Lofe ya koma ƙasarsu na rasa abin fakewa. Na dawo da rediyo, da keke, da turmin atamfa biyu, da bargo mai hoton damisa. Bukar ne ya tare ni a tasha, ya daki bayana ya ce, “Bawana ya dawo! Ina tsarabar ubangidanka?” Bai ɗauko maganar ba, a ranar ko bayanta. Inna ta yi murna, ta yi kuka, ta yanka kaza, ta shafa atamfar ta ce ta yi kyau. Dattawa suka zo sannu da zuwa, aka sha shayi, aka kunna rediyo. Na ce a raina ashe an manta.

Kwana uku da dawowata ranar kasuwa ta zagayo. Tun da fari ya cinye mata awaki, Inna tukwane take sarowa tana kaiwa kasuwa. Da hantsi na fito na tarar ta jera su a tsakar gida, goma sha biyu, da ciyawar da za a cusa a tsakaninsu, jaki na tsaye da akumari. Na ji daɗi, ga aikin da na fi kowa iyawa. Na naɗe hannun riga na ɗauki igiya.

Ta zo ta kama ɗaya bakin igiyar, a hankali, ba faɗa.

“Bari, Ari. Ka huta, kai baƙo ne.”

“Wane irin baƙo, Inna? Yanzu zan gama.”

“Na aika a kira Bukar.”

Na yi dariya, na zaci wasa take yi. “Bukar? Inna, Bukar ko akuya bai iya ɗaurewa ba.”

“Na sani,” in ji ta. “Amma shi da busasshiya yake ɗauri.”

Na sakar mata igiyar. Bukar ya shigo da sallama, ya yi ta kici-kici da tukwanen nan, ya yi wani ƙulli irin na mata masu ɗaurin itace, kaya ya karkace gefe guda. Ina tsaye, yatsuna na motsi, na san inda za a ja a gyara, ban isa in taɓa ba. Inna ta duba ta ce ya yi, Allah ya yi albarka. Ta kora jakinta suka fita, tukwane na ƙwanƙwasar juna, tana tafe a gefe ta tallafe su da hannu ɗaya har suka sha kwana.